Wasiƙa zuwa ga aminina a Agadas

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙon ta'aziyyarka ya iso tun ranar sadakar uku, na kasa amsawa, ka yi haƙuri. Jiya aka yi arba'in ɗin Inna, sai yau na samu na zauna.

Auta ce ta sa na ɗauki biro. Ta ji baƙi suna ta cewa "an yi rashi", sai ta ja mini riga ta ce, "Baba, in an rasa Kaka, me ya sa ba a yi cigiya ba?" Wallahi bakina ya mutu. Ta tuna ɗan akuyarmu da ya ɓace bara, aka yi cigiya, aka same shi a bayan masallaci. Abin da ya ɓace ana sa ran ganinsa. Wanda ya salwanta kuwa an riga an cire rai.

Tun daga ranar nake juya kalmomin nan, har na ɗauko ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ka ce in ajiye maka na sati biyu. "Rasu" daga "rasa" ta fito, kamar yadda "dafu" ta fito daga "dafa". Ka ga kalmar nan mu da aka bari take kallo, mu ne muka rasa. Shi ya sa ban taɓa iya cewa Inna ta mutu ba. Kaza ma mutuwa take yi. Amma "mutu" ɗin tsohuwa ce ƙwarai. Masana harshe sun ce ba aro muka yi ba, 'yar'uwar "maut" ta Larabci ce, tushensu ɗaya, har da harshen Misira ta dā da na Buzaye. Kai da ke cikinsu, tambaya mana, in dai ka koyi wani abu bayan shan shayi.

Ajali da asara da wafati su ne aro daga Larabci. Ta ƙarshen ce ta fi tsaya mini a rai, don tushenta na nufin cikawa. Da asubar nan da Kawu ya fito daga ɗakinta, ya share ido da hannun riga, kalma biyu ya faɗa: "Ta cika." Yanzu kuma kowa marigayiya yake ce mata, wato ta rigaye mu. Ita wannan tana sanyaya mini zuciya, don wanda ya riga ka, hanyarku ɗaya. Dardumarta na nan a ninke bisa gado, da carbin a kai, ba wanda ya taɓa.

Af, mai shayinmu na bakin layi ya yi aure, kuma har yanzu yana maganar bashinka. Yaushe za ka shigo? Ka taho wa Auta da cuku, tana ta tambayar Baban Agadas.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Baban Auta