Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobinmu Dukawa da Marina

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan'uwa mambobi.

Kusan duk ƙarfin kwamiti a bana kan kasuwar Amurka ya ƙare. A da, ƙunshin da kuɗinsa bai haura dala 800 ba yakan shiga can babu kuɗin fito, kuma da wannan rangwamen yawancinmu muke aika jaka biyu ko turmin rini ɗaya kai tsaye ga mai saye. Ranar 29 ga Agusta aka soke shi. A watan ne kuma harajin kashi 15 cikin ɗari ya hau kan kayan Nijeriya, sannan wa'adin yarjejeniyar AGOA, wadda ta ba kayan ƙasashen Afirka da dama damar shiga Amurka babu haraji, ya cika a ƙarshen Satumba. Babban kamfani zai iya shanye wannan. Badukun da ya kwana uku yana ɗinkin jaka ɗaya a Kurmi, yana goge bakin fata da hannu, ba shi da ribar da zai yanka ya biya.

Shi ya sa muka koma haɗa kaya. Kowa ya kawo nasa, a rubuta sunansa da farashi a takarda guda, a tura kwali ɗaya, kuɗin dako da na fito a raba gwargwadon nauyi. Akwai jinkiri, wasu masu saye sun janye, amma hanyar ba ta toshe ba.

Mun yi bita kan rajista da hukumar NEPC, mai bunƙasa fitar da kayan Nijeriya waje, da cike fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, a banki. Muna sake tunatarwa: kuɗin kaya dole ya dawo gida cikin kwana 180.

Abin da ya fi damunmu shi ne fatar mesa da ta kada. Ba ta fita sai da izinin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai da ake gudun ƙarewarsu, kuma madaurin agogo guda na iya sa a riƙe kwalin jama'a gaba ɗaya. Daga yanzu za a buɗe kayan kowa a gaban sakatare kafin a ɗaure. Ba rashin yarda ba ne, haƙƙin ɗan'uwa ake karewa.

Masu aika wa ƙasashen Tarayyar Turai, tun 13 ga Disambar 2024 doka ta ce sai kaya na da wakili mazaunin can da zai amsa tambaya kan ingancinsu. Muna neman wakili ɗaya da zai tsaya wa kowa, kuma a taron Janairu za mu kawo muku abin da zai ci don ku yanke shawara.

Sakatare, a madadin kwamiti