Kuɗin Baikon Majami'a Amana Ne, A Ƙirga Shi A Gaban Shaidu

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga shugabannin ƙungiyoyin Kirista masu kula da marayu, gwauraye da 'yan gudun hijira. Yawancin ɓarnar dukiya a wuraren nan ba da sata take farawa ba. Da sakaci take farawa: mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke ajiyewa, shi kuma ke rubutawa.

A raba waɗannan ayyuka. Mutum uku su ƙirga baiko, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa a majami'a, nan take, su sa hannu a takarda ɗaya, washegari a kai banki. Kada a zari ko kuɗin man janareto daga cikin jaka kafin a rubuta jimilla, domin daga nan lissafi ke rikicewa. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, ba na fasto ba, masu sa hannu biyu, kuma kada su zama miji da mata ko 'yan gida ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne karkatar da gudummawa. An ba da kuɗin makarantar marayu, sai a yi rufin majami'a da shi, wai za a mayar. Da wuya a mayar. Ko Manzo Bulus da zai tattara gudummawar Urushalima, sai da ya haɗa Titus da 'yan'uwa biyu don kada a samu abin zargi.

Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya (CAMA) ta 2020 ta wajabta wa amintattun ƙungiya mai rajista miƙa rahoton shekara ga hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. A karanta wa membobi wannan rahoton kafin a aika.

Naka,
Wani mai karatu daga Jos