Ciyawar da ta ƙi taki a bayan gidana

Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan Zariya ne, amma yau shekara tara ina zaune a Miniyafolis, jihar Minesota ta Amurka. Ina so in ba masu karatu labarin wata ciyawa da ake kira yaro (ba yaron gida ba, sunanta ne na Turanci), wadda masana ke ce wa Achillea millefolium.

A 2019 jihar nan ta fara tallafa wa masu gida su rage ciyawar ado su shuka tsirran asalin yankin saboda ƙudan zuma. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta tsago mini saiwar wannan ciyawa guda uku daga tata. Ganyenta yaga-yaga kamar na karas, idan ka murza shi ƙamshin tazargade zai faɗo maka a rai, kuma danginsu ɗaya ne. Furenta fari ne, ƙanana-ƙanana a haɗe, a shimfiɗe kamar faifai. Wannan shimfiɗar ce sirrinta: ƙananan ƙwari masu gajeren baki suna sauka su zauna su sha a natse.

Ni kuwa da jinin noma, na zuba mata takin shanu, ina ban ruwa safe da yamma. Ta yi tsawo har ƙuguna, ruwan Yuli ɗaya ya kwantar da ita ƙasa. Tsohuwar ta leƙo ta kan shinge, ta yi dariya ta ce shagwaɓa ta na yi. Ashe rana take so da ƙasa marar ƙarfi. Da na ƙyale ta a shekara ta biyu, sai ta miƙe da kanta, ta yi fure daga Yuni har Satumba. Wata rana bayan la'asar na tsuguna a kanta, fure ɗaya kawai amma ƙwari iri huɗu a kai, har da jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da ke cinye ƙwarin darɓa.

Tana da nata halin fa. Saiwarta tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa kamar ƙiri-ƙiri, ta shige mini cikin tumatir, dole duk bayan shekara biyu ko uku in tona in rage. Masu kare da kyanwa ma su kula, tana cutar da su idan sun ci.

Ƙanena ya ga hoton, ya ce in aiko masa da iri ya shuka a Samaru. Na ƙi. A nan tana da amfani ne domin ƙwarin nan sun san ta tun fil azal. Namu ƙudan sun san ɗorawa da magarya da gawo, wanda ke fure da rani lokacin da komai ya bushe, ga shi su ake sarewa ana gawayi.

Roƙona, Edita, ku tura wakilinku wajen masu ɗaura amya ya tambaye su itatuwan da ƙuda ke bi wata-wata, ku buga mana. Ƙanena yana da fili a bayan gida, jira yake.

Naku,
Wani mai karatu, daga Miniyafolis