Godiya ga masu shagon kayan sauti na titin Ahmadu Bello, Jos

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda abin da aka yi mini ya wuce a ce "an gode" a bakin ƙofa a tafi. Ina magana ne a kan wani ƙaramin shagon sayarwa da gyaran kayan sauti da ke titin Ahmadu Bello, kusa da Terminus, da mai shagon da yaron da ke masa gyara. Ban nemi izininsu ba, don haka ba zan kama suna ba.

Tun da na yi ritaya, ba ni da wata hira bayan Isha'i sai in zauna a falo in saurari tsofaffin kaɗe-kaɗenmu, kuntigi da kalangu da garaya. Da a kaset suke, ɗana ya kwashe mini su zuwa laftof. Amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifikuna biyu kuwa na daɗe da su, irin masu nauyin nan da sai mutum biyu sun kama. Damuwata ɗaya ce: a ƙarƙashin kiɗan kullum akwai wani ƙugi, zuuu, kamar ƙudan zuma ya shiga gora. Da dare, in gari ya yi tsit, har ya fi kiɗan shiga kunne.

Ɗan ƙanina da ke aiki a Abuja ya zo ya ji, nan take ya yanke hukunci. Wai laftof ba don kiɗa aka yi ta ba, sai na sayi na'urar da ke jawo waƙa daga intanet, wadda suke kira sitirima. Ya nuna mini hotunan WiiM da Bluesound a wayarsa. Na tara kuɗin da zai iya sayen ragon layya mai kyau, na nufi shagon nan da niyyar in biya in ɗauka.

Mai shagon yana da na'urar a kan kanta, ina ganinta. Maimakon ya sauko da ita sai ya ce, "Baba, me ke damun sautin naka tukuna?" Da na faɗa masa, ya ce in koma gida in zo da laftof ɗin da cajarta da wayar da nake haɗawa da ita. Gaskiya raina ya ɗan sosu. Na zo da kuɗi a aljihu, ana aika ni kamar yaro. Amma washegari na hau Keke na dawo da kayan.

Yaron ya haɗa laftof da amfilifayar shagon, ƙugin nan ya taso, shi ɗin dai da na sani. Ya kalle ni, ya sa hannu ya zare caja daga soket. Tsit. Ya mayar, zuuu. Sau uku yana yi, ni kuwa baki buɗe. Ya ce wutarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma in laftof da amfilifaya kowanne ya samu hanyarsa zuwa wayar ƙasa, wata 'yar wuta takan bi ta wayar sauti, amfilifaya kuma ba ta tantancewa, duk abin da aka ba ta ƙara shi take yi. Ya gargaɗe ni kada in yarda wani ya karya mini ƙafar filogi ta uku don maganin ƙugin, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Daga nan mai shagon ya jawo mini kujera. Ya ce waƙar da ke cikin laftof lambobi ce zalla. Tun da faifan CD ya fito a 1982, ma'aunin da aka saba shi ne a ɗauki sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Lambobin nan ba sa canzawa don sun fito daga laftof ko daga sitirima. Inda ake samun bambanci shi ne wurin mayar da su sautin da kunne ke ji, aikin wani ɗan ƙaramin abu da ake kira DAC. Na cikin laftof, wanda ke bayan ramin iyafis, sau da yawa mai araha ne, kuma a matse yake da fanka da sauran kayan ciki. Sitirima kuwa, in ji shi, ita ma kwamfuta ce, an dai cire mata allo an sa mata DAC mai ɗan kyau.

Ban gamsu ba, na kuma faɗa masa. Sai ya ce to mu gwada. Ya sa wa laftof ɗin wani DAC na waje da bai fi akwatin ashana girma ba, ya bar ta a kan batir, ya ajiye sitirimar a gefe. Abin da ya fi burge ni shi ne yaron bai fara ba sai da ya ɗauko mita ya daidaita ƙarfin muryar biyun. Mai shagon ya ce wanda ya ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, shi kunne ke ɗauka ya fi daɗi, kuma masu sayar da kaya sun san wannan sarai. Dubi mai sayarwa yana tona asirin sana'arsa.

Aka juya kujerata na ba su baya, aka ba ni takarda da biro. Waƙa ɗaya, sau goma ana sauyawa, ni kuma ina rubuta wadda nake zaton ita ce ke kiɗan, laftof ko sitirima. Na zauna kamar mai jarrabawa, ina kasa kunne ga kaifin kalangu. Da aka duba, na ci shida na faɗi huɗu, wato canki-canka ne kawai. Na san kunnen wanda ya haura sittin ba ya kamo siririn sautin da na matashi ke kamowa, na kuwa kawo wannan uzurin. Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba, ni ma da aka juya mini baya haka na yi."

Mai shagon bai kushe kayansa ba. Ya ce sitirima ba ta da fanka mai huci, saƙo ba ya shigowa ya yi ƙara a tsakiyar waƙa, daga waya ake sarrafa ta, kuma ba ta cin wuta sosai, abin da mai inbata zai so. Amma tana son intanet mai ƙarfi, ga kuɗin data. "In don sauƙin amfani ne, Baba, saya. In don ƙugin nan ne, riƙe kuɗinka." Ya kuma faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba: shuuu ɗin da ke cikin waƙoƙina na kaset ne, kuma an matse su da yawa lokacin da aka mayar da su MP3, babu na'urar da za ta dawo da abin da aka riga aka zubar.

Na fito da ƙaramin DAC ɗin da wata 'yar na'ura mai raba wutar laftof da ta amfilifaya, duka biyun ba su kai rabin abin da na zo da shi ba. Ina bakin ƙofa ya tambaye ni ko falona tayil ne. Na ce e. Ya ce in shimfiɗa kafet, in janye sifikun daga kusurwa kamar kamu biyu. Da canjin na sayi kafet ɗin a Terminus. Uwargida ta fi kowa murna, don sanyin Jos a kan tayil ba wasa ba ne, ni kuma a daren na ji kuntigi ya fito fes, ba ya dukan bango ya dawo.

Ɗan ƙanin nawa har yanzu yana musu a waya, wai kunnena ne ya tsufa. Na ce masa in ya zo hutun Sallah zan kai shi shagon a juya masa kujera.

Mai shago da yaronka, Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya tsare ku daga asara, ya saka wa iyayen da suka yi muku tarbiyya.

Naku,
Wani tsohon ma'aikaci daga Unguwar Rogo, Jos