Ba 'yan ci-rani ba ne, 'yan gudun hijira ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Asabar abin yake cina a rai. Sau huɗu na ƙirga mai gabatar da shirinku na rediyo yana kiran mutanen ƙasar Hangari da suka fita a 1956, lokacin da aka murƙushe borensu, da sunan 'yan ci-rani. Sau huɗu! Kuma ba wanda ya gyara masa, har baƙon da kuka gayyato.

Wane Bahaushe ne bai san ci-rani ba? Mutum ya gama girbi, ya ɗaure 'yan tsummokaransa, ya tafi birni neman na kashewa, da hadari ya fara haɗuwa ya kama hanyar gida. Akwai gona tana jiransa, akwai uwa tana duban hanya. To wace gona ce ke jiran wanda tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shigo masa Budapest, babban birnin ƙasar, ranar 4 ga Nuwamba? Mutum kusan 200,000 suka tsere cikin 'yan watanni, mafi yawansu da ƙafa suka tsallaka Ostiriya. Waɗanda suka tsaya, an ɗaure dubbai, an rataye ɗaruruwa, shi kansa firaminista Imre Nagy an rataye shi a 1958. Wannan ne ci-rani?

Ni ba a littafi na ji ba. Shekara shida ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar Hangari a nan Toronto, ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki, ina ce mata Iya, ita kuma tana dariya tana amsawa. Tana da shekara 19 ta fita. Cikin dare suka bi ta fadamar da ke kusa da Andau, wani ƙauye a kan iyakar Ostiriya, inda wata 'yar gadar katako take, a cikin sanyin ƙarshen Nuwamba. Duk lokacin da zan sa mata safa sai na ga ƙafarta ta hagu, yatsu biyu babu, sanyin daren nan ne ya cinye su. Rigar sanyin da ta sa tana nan rataye a ɗakinta, baƙa, ta koɗe, an farke cikinta inda mahaifiyarta ta ɗinke mata zobe da 'yan takardu. Ba ta taɓa yarda a kai ta wanki ba. Mahaifiyar nan kuwa ba su sake haɗuwa ba, a wasiƙa ta samu labarin rasuwarta, bayan an yi makonni da binne ta. Ranar da ta ba ni labarin, cokali a hannuna na kasa ɗagawa.

Kanada ta karɓi kusan 37,000 daga cikinsu. Har ɗalibai da malaman makarantar koyon aikin gandun daji ta garin Sopron a Hangari suka taso gaba ɗaya suka ci gaba da karatu a jami'ar British Columbia a Vancouver. Makaranta sukutum ba ta tashi ta bar ƙasarta don neman kuɗin kashewa, Malam Edita.

Ban ce babu 'yan ci-rani a tarihinsu ba. Waɗanda suka je Amurka kafin yaƙin duniya na ɗaya, suna haƙar kwal a Pennsylvania, suna aikin ƙarfe a Cleveland, da yawansu tara kuɗi suka je yi don su koma su sayi gona, wasu ma sun koma. Da su kuka kira haka da ban ɗauki biro ba. Shi ma biron nan, ai sunan László Bíró ne, ɗan jaridar Budapest da ya ƙirƙiro shi, wanda dokokin tsangwamar Yahudawa suka kora, ya ƙare rayuwarsa a Ajantina. Shi ma ɗan ci-rani ne? Amma kuka zuba kowa a tukunya ɗaya, kuka ɓata rabin lokacin kan ɗan ƙwallon Hangari Puskás da ƙwallayen da ya ci wa Real Madrid.

Jikokin Iya ba sa jin yarenta, in ban da kalmar kaka da sunayen abinci. Idan ciwon mantuwa ya motsa mata, Turanci yakan gudu daga bakinta, ta riƙa magana da Hangariyanci tana kallonsu, su kuma suna kallona kamar ni zan fassara. Ta rasu bara. Wallahi da na ji kalmar nan a rediyo ƙafarta na tuna. Ina roƙonku ku gyara a shiri na gaba, ku faɗa a fili.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya. Mu da muke saurare ta waya a cikin jirgin ƙasa, ganga muke ji, ba ma jin mai magana. Wannan ne karo na uku da nake rubuto muku a kai.

Taku mai saurare,
daga Toronto, Kanada