Wasiƙa daga Baturiya

Baturiya, Kirikasamma,
Jihar Jigawa.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin Sikotlan bai hana ka karatu ba. Mu dai alhamdulillahi, ana ta yankan shinkafa a fadama.

Hoton da ka turo ta WhatsApp ya tayar da gardama a majalisa. Baba ya dage ƙanƙara ce ta lulluɓe dutsen, sai da na karanta masa bayaninka: tsibirin Bass ne, can gabas da Edinbura, farin nan kuwa tsuntsayen teku ne da ake kira ganet, da kashinsu. Da ya ji sun kai kimanin 150,000 kafin murar tsuntsaye ta 2022 ta yi musu ta'adi, kuma ba mai kwana a wurin tun da masu gadin fitilar jiragen ruwa suka tashi a 1988, ka san abin da ya fara cewa? "Kai, wannan taki haka a banza!" Ka san halin manomi, bana kuma buhun taki ya gagare mu.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙwan. Ɗaya tak a shekara, kuma ba kwanci suke yi masa irin na kaza ba, tafin ƙafa suke ɗora masa, mace da namiji suna karɓa-karɓa. Tsuntsu mai irin wannan haihuwa ai sai inda kyanwa ba ta kaiwa, yaro mai danƙo ma bai isa ba. Ruwa ne katangarsu.

Sai na tuna shamuwar bisa tsamiyar ƙofar gidanku. Ita ba teku gare ta ba, kunyarta kawai ake ji don tana kawo busharar damina. Agwagin da ke zuwa mana daga Turai da hunturu ba su samu wannan gata ba. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masu itace sun sa dajin a gaba, ga masu tarko.

Ka ce 'ya'yan ganet ɗin kan sauko har tekun Sanagal. Sun fi ka zumunci ke nan, kai shekara biyu ba mu ga ƙeyarka ba.

In ka hau jirgin ruwa ka matsa kusa, ka gaya min yadda warin yake, Baba ne ke tambaya. Inna na gaishe ka.

Naka har kullum,
abokinka na Baturiya.