A karanta binciken kafin a duba sunan mujallar

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malami ne a sashen tattalin arziki na wata jami'a a nan arewa, bara aka sa ni a kwamitin duba takardun masu neman ƙarin girma, wallahi abin da na gani har yau bai bar ni ba. Fayil zai zo, ba wanda zai buɗe binciken ya karanta ko shafi ɗaya, tambayar kawai ita ce wace mujalla ce, ta waje ce ko ta gida, tana cikin Scopus (kundin da ke tattara sunayen mujallun bincike na duniya) ko ba ta ciki, sai a rubuta maki a ture gefe.

Akwai wata abokiyar aikinmu, baiwar Allah nan kusan shekara 2 ta yi tana sintiri kasuwar hatsi, duk ranar kasuwa tana can da littafinta tana rubuta kuɗin buhun gero da masara, ta zauna da dillalai da masu awo har suka saba da ita suna ce mata Hajiya mai biro, ta nuna dalla-dalla yadda manomi ke sayarwa da arha da kaka ya dawo ya saya da tsada da bazara. Don a mujallar gida ta buga, makin da aka ba ta bai kai na wanda ya biya dala aka buga masa nasa cikin sati 2 a wata mujalla mai sunan Turai ba. Na yi magana aka ce min ai ƙa'ida ce.

To su ma waɗanda muka kwaso ƙa'idar a wajensu kuka suke. A fanninmu akwai manyan mujallu 5 da kowa ke rububi, irin su American Economic Review da Econometrica, kuma James Heckman wanda ya ci kyautar Nobel a 2000 shi da Sidharth Moktan sun fitar da bincike a 2020 suna cewa waɗannan biyar ɗin sun zame wa matasan malamai ƙarfen ƙafa, su ke yanke wa mutum ci gaba a aiki alhali ayyuka masu tasiri da yawa ba a cikinsu suka fito ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 2010. Farfesoshi biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka ce in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara to bunƙasarta ta durƙushe. Binciken nasu ya fito da tambarin American Economic Review, duk da cewa fitowar ta takardun taro ce wadda ba a yi mata irin tantancewar da aka saba, 'yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙe shi hujjar tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya duba, ashe ƙasashe 5 lissafin ya tsallake, har da Kanada da Ostireliya, da aka gyara wannan da sauran matsalolin sai ga bunƙasar ƙasashe masu irin wannan bashin ta koma kashi 2.2 maimakon ƙasa da sifili. Ɗalibi fa, don kawai ya zauna ya duba.

Ni ban ce a raina manyan mujallu ba, ina karanta su ina koyar da su. Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, shi ne duk mai neman ƙarin girma ya zaɓo ayyukansa 2 ko 3 ya haɗo da alƙaluman da ya yi aiki da su, a ba masana fannin su karanta da gaske su rubuta abin da suka gani. Ita abokiyar aikin tamu bana za ta sake nema, kuma ta ce min ta daina zuwa kasuwar.

Naku,
Wani malamin jami'a, daga Kano